Lambobin da Suka Ƙi Tsugunawa

A ajin Masta, in ka rubuta x ka ɗora masa lamba ɗaya a gefe, tsayinsu ɗaya, to ranar ka janyo wa kanka. Ba ya duka. Zuwa zai yi ya tsaya a kanka, ya dafa takardar da yatsa, ya tambaye ka da muryar nan tasa mai sanyi: "A gidanku haka ake yi? Ɗa ya zo gaida uba, ya tsaya masa ƙiƙam, kafaɗa da kafaɗa?" Aji ya kwashe da dariya. Kai kuma ka goge, ka sake rubuta ɗayan ɗan ƙarami, ƙasa da layi, a gindin x ɗin. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Yauwa, ya tsuguna," ya wuce. Wannan 'yar lambar da ake maƙalawa a ƙasan harafi, don a bambanta x na farko da x na biyu, tana da dogon suna a littafin Turanci. Mu 'yan sakandaren Salaga tsuguno muka san ta da shi, har na shiga jami'a ban daina faɗa ba.

Masta shi ne malaminmu na lissafi, kuma abokin babana ne. Hausarsa ta zango ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Mu kuwa jikokin fataken goro ne, kakata ba ta yarda a ce wa 'ya mace "kai" a tsakar gidanta, amma shi ta ɗaga masa ƙafa. Lokacin da na gama ƙaramar sakandare babana ya so in bi mamata kasuwar doya, don ina da kan lissafi kuma bakina ba ya mutuwa. Masta bai yi gardama da shi ba. Kullum bayan la'asar sai ya zo rumfar babana ya zauna, su yi hirar damina da ta hatsi, in zai tashi ya kakkaɓe riga ya ce, "Yarinyar nan dai." Haka ya yi ta yi har babana ya gaji, ya ce ya ɗauke ni ya kai ni inda ya ga dama.

Ban taɓa ganin mai rubutun allo kamarsa ba. Haruffan Girka da ake amfani da su a lissafi, su alfa da bita da tita da sigma, baƙi yake kiransu. Ya ce daga nesa suka zo, baƙo kuma ba a tarbarsa da ƙazanta. Tita, wadda ake sa wa kusurwa, da jan alli ɗaya yake zana ta, θ, kamar ƙwai an ɗaura masa ɗamara. In ka yi taka a karkace sai ya ce ka sake mata ɗamara kafin zaninta ya faɗi. Wanda aka ba aikin goge allo bayan darasinsa sai ya yi ta jan ƙafa, ba ya son ya goge.

Ni ce 'yar gaban goshinsa, kowa ya sani, ni ma na sani har ya yi min yawa. Sau ɗaya ya taɓa kama ni. Ya fitar da ni allo, ina sauri in nuna wa maza na fi su, na jera lambobina a tsaye ban lura ba. Bai yi min tambayar gidanku ba. Ya dubi allon, ya dube ni, ya ce, "Kai ma?" Aji bai ko yi dariya ba. Na gwammace da bulala ya ba ni, don bulala kan huce.

Na zama malamar lissafi ni ma, aka tura ni Yendi, na yi aure a can, na haihu. Wata ƙaramar Sallah na je gida, na sayi zabo na kai wa Masta gaisuwa. Ya yi ritaya tuni. Bayan an ci an sha, ya sa matarsa, wadda duk muke kira Mma, ta jawo wani kwalin madara daga ƙarƙashin gado. Littattafan rubutu ne cike, duk tambayoyin da ya ƙirƙira tun yana saurayin malami, da amsoshinsu mataki-mataki. Babu jirgin ƙasa a ciki, babu dusar ƙanƙara. Zurfin rijiya ne, da tsani jingine da rumbu, da kwalekwalen da ruwa ke ja a mashigin kogi, da gonar doya mai kusurwa uku. Gara ta ci gefen wasu, ruwa ya jiƙa wasu, amsoshi da yawa sun tafi.

Ya ce so yake a mayar da su littafi ɗaya bugagge, don yaran ƙasarmu. Na lura in zai duba shafi sai ya matsa bakin taga ya karkata kai. Ya ga na gani. Ya ce, "Idon ya fara gajiya. Ina so in ga littafin da idona, ba a ba ni labari ba."

To, a nan bakina ya ja min. Ban daɗe da dawowa daga wani kwas a kudu ba, inda aka koya mana wata manhajar kwamfuta ta aljabara, wato lissafin haruffa. Ba ta buga rubutu kaɗai ba ce, lissafin take yi da kanta: ka ba ta tambaya da haruffa, ta warware, ta ba ka amsa da haruffa. Kaina ya kumbura da ita. Na ce, "Masta, wannan ai kamar shan ruwa ne. Ita za ta buga, ita za ta duba kowace amsa, inda gara ta ci ta mayar. Kafin sabuwar doya ta fito littafinka yana hannunka." Mma tana tsince shinkafa a bakin ƙofa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ki ce in Allah ya yarda." Na faɗa, amma da rabin baki, ina ɗaure kwalin da igiya.

Wajen lissafi manhajar ba ta ba ni kunya ba. Tambayar da gara ta cinye ƙarshenta, in na shigar da farkon, kafin in sha ruwa ta fito da sauran. Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne kamannin abin da za ta nuna. A kwas amsa muke dubawa, ba wanda ya damu da yadda ta fito.

Ranar farko na buga sunan tita, ina jiran in ga ƙwai da ɗamara. Sai ga theta, haruffan boko a jere, kamar sunan mutum a katin asibiti. Na buga x da ɗaya. Suka fito x1, tsayinsu ɗaya, ɗan yana gogar kafaɗar ubansa. Wallahi sai da na waiga, na ji kamar Masta yana tsaye a bayana.

Na gwada sa ɗan karan layi a ƙasa tsakaninsu, don na tuna wani ya taɓa yin haka a kwas. Ta fito min da x_1, da layin da komai, an shimfiɗa tabarma ɗan ya ƙi zama. Na gwada saka lambar cikin baka mai kusurwa. Ta tsuguna. Na tashi na zaga tebur don murna. Sai na kai tambayar da Masta ya fara faɗin adadin x shi kaɗai, sannan daga baya ya kawo 'ya'yansa masu tsuguno. Manhajar ta rikice, ta ɗauka x jerin kaya ne, ta watso min jan rubutu mai cewa an yi kuskure. Su baƙin kuma na gano sai an sa wata alama a gaban sunansu kafin su fito da kamarsu. Na sa, suka fito. Amma in tita ce ke da ɗa a gindinta, sai dai in zaɓi ɗaya: ko ta fito da ɗamararta ɗan ya miƙe tsaye, ko ɗan ya tsuguna ita ta koma theta. Tambayoyin Masta kuwa rabinsu kusurwa ta farko ce da kusurwa ta biyu.

Mijina malamin gona ne, ɗan Yendi, ba ruwansa da tita. In ya dawo ya tarar ina faɗa da kwamfuta a teburin cin abinci sai ya ce, "Yau kuma wane ne ya ƙi gaisuwa?" In ce ya fita harkata. Zagi kam kwamfutar nan ta sha shi: marar kunya, marar tarbiyya, wadda ba a gida aka haife ta ba. Yarana har sun haddace, suna yi wa juna.

Kafin sabuwar doya ta fito, aikin ya ƙare. Na shigar da tambayoyin duka, an duba amsoshi, an mayar da abin da gara ta ci. Har na buga shi a firintar makaranta don in bi shi da jan biro. Manyan haruffa ne baƙaƙe masu faɗi, irin na tsohon tafireta, komai a layi ɗaya, ba na sama ba na ƙasa. Mummuna ne, amma ko daga bakin ƙofa ana karanta shi. Mijina ya ɗaga ya jujjuya ya ce, "Ba wannan ne littafin ba? Kai wa tsoho abinsa. Wanda ya san lissafi ai zai gane." Na fizge na ce, "Kai ba a ajinsa ka zauna ba." Ina hango yatsan nan a kan shafin farko, ina jin "Kai ma?" a kunnena. Mutumin da ya yi zaman rumfar babana saboda ni, in kai masa aikin rayuwarsa 'ya'ya duk a tsaye, baƙi duk ba tufafi? Gara ƙasa ta tsage in shige. Na ɗora takardun a kan kabad na koma gyara.

Doya ta fito, ta cika kasuwa, ta fara araha. Masta ya fara kira a waya. Ba ya tambayar littafi kai tsaye. Sai ya gaida mijina, ya gaida yara, sannan ya ce, "Yaya baƙin namu?" In ce suna hanya. Daga baya in na ga lambarsa sai in kife wayar in bar ta ta gama kukanta, in kira shi lokacin da na san yana masallaci, don dai ya ga na nema. A ajina kuwa, wata rana na kama wata yarinya ta jera lambobinta a tsaye, na ji bakina yana tambayarta ko a gidansu haka ake yi. Ajin ya yi dariya, ni kuma na juya wajen allo da sauri, don wayar da ke aljihuna tun safe take kife.

Aka yi suna a gidanmu na je Salaga. Na bi ta bayan tsofaffin rijiyoyi don kada in wuce ta ƙofarsa. A kasuwa na hango Mma wajen masu kifi, na ja mayafi na shige rumfar mai robobi, na tsaya ina taya bokitin da ba na so. Malamar makaranta, uwar 'ya'ya, ina raɓe-raɓe a garin ubana kamar wadda ta saci kaza. Mai robobin ta san ni tun ina yarinya. Ta bar ni na gama jujjuya bokitin, sannan ta ce, "Ta wuce, fito."

Da na samu na lallaba wasu babuka suka ɗan yi kyau a fuskar kwamfutata, na kwafe su a filash, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, na kai shagon bugu na bakin tasha, ina cewa ko waɗannan in aika masa ya fara gani. Takardun suka fito da ɗuminsu, na duba. Duk inda baƙo yake, ɗan akwati ne fanko. Tita akwati, sigma akwati. Kwamfutar shagon ba ta da irin haruffan, sai ta zana musu gurbi ta bar shi wayam. Na sauke wa mai shagon kwandon masifa a gaban mutane. Ya bari na gama, ya ce, "Madam, abin da kika kawo shi na buga." Ashe iyayen ɗalibaina suna zaune a benci suna jiran a yi musu hoto. Na tattara takarduna na fita ba sallama.

Wajen ƙarshen damina Mma ta kira ni da kanta, wayarta kuwa ba a kife ta. Ta ce an ce su kai shi wajen likitan ido a Bawku. 'Ya'yansu duk suna kudu, ni kuma ina da gwaggo a can da za ta sauke mu. Za su biyo ta Yendi, in raka su. Ba tambayata ta yi ba.

Da safen tafiyar mijina ya sauko da mummunan bugun nan daga kan kabad, ya kaɗe ƙurarsa, ya tura cikin jakata, ya ja zif. Ya ce, "Ki ba shi a hanya." Ban cire ba.

Motar ta bi ta Gushegu, hanya duk rami da ruwa. Masta ya rame, amma bakinsa yana nan, yana tsokanar direba da cewa ya auna masa kusurwar da motar ke karkata. A wani wuri muka kafe a taɓo, aka ce kowa ya sauka. Na miƙa masa jakata ya riƙe min, na kama hannun Mma muka tsallake zuwa tudu. Da aka turo motar muka koma ciki, ya miƙo min jakar.

Washegari muna zaune a bencin farfajiyar asibiti, layi ya yi tsawo, har da mutanen Burkina da na Togo, kowa da mai jan hannunsa. Masta ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, yana karanta mana rubutun jikin bango, na wanke hannu da na allurar yara, don ya nuna wa Mma da sauransa. Yana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya yana karkata kai, amma daidai yake karantawa. Har ƙananan layukan ƙasa ya kama, waɗanda girmansu bai wuce na cikin jakata ba. Sai ya juyo ya ce, "Littafin fa?" Karon farko ke nan da ya kira shi da sunansa tun da na karɓi aikin.

Hannuna yana kan zif ɗin. Ina jin kaurin takardun ta cikin fatar jakar. Bencin cike yake da mutane, na ga zai buɗe a gabansu, ya ga theta, ya ga x1, ya ɗago ya dube ni da idon da ya rage masa. Na ce, "Saura kaɗan, Masta. 'Ya'yan ne suka ƙi tsugunawa." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "To, koya musu ladabi." Na riƙe dariyar nan a matsayin izini, don dama ita nake nema.

Likitan ya duba shi da kyau, ya yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye. Ruwan cikin idon ne ya yi ƙarfi yana danne jijiya. Na hagu ya tafi, na dama saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa kuma rage gudun ciwon kawai zai yi. Da Turanci ya faɗa, ni na fassara wa Mma. Da bakina na fassara. Kuma abin da na fahimta daga maganar shi ne in ƙara sauri wajen gyaran tsuguno. Har yau in na tuna wannan hankalin nawa sai in rufe fuska, ko ni kaɗai ce a ɗaki.

Kafin mu bar gari ya ce a biya da shi kasuwa. Muka ratsa ta cikin buhunan albasa da masu jan awaki har wajen masu kayan Togo. Ya zaɓi gilashin ƙara girman rubutu mai baƙin mariƙi, ya gwada shi a kan layin tafin hannunsa. Mma ta tambaye shi me zai yi da shi. Ya ce, "Na littafin ne." Ta naɗe masa a hankici, ni kuma na juya ina kallon mai sayar da tocila.

Na dawo Yendi da jakata yadda na tafi da ita. Mijina ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya ajiye, bai ko yi tsokanar da ya saba ba. Daga aji sai kwamfuta, in wuta ta ɗauke in zauna ina hararar bango. Ƙarshe dai a wani dandalin intanet, inda masu amfani da manhajar ke tambayar juna, na tarar wani bawan Allah daga wata ƙasa ya taɓa yin tambayata sak, an kuma ba shi amsa a taƙaice. Akwai wani ɗan gurbi a cikin saitin manhajar, in ka danna shi, duk abin da ya biyo bayan karan layin nan zai sauka ƙasa, ko a gindin harafin boko ne ko a gindin baƙo. Akwatunan kuma maganinsu a fitar da aikin a irin fayil ɗin da ke tafiya da haruffansa a jikinsa, kowace kwamfuta ta buɗe shi yadda yake. Na danna. Sai ga θ₁, ɗamara a ɗaure, ɗa a gindinta. Murna ba ta zo ba, tsaki na yi.

Sai kuma bin littafin daga farko, shafi-shafi, ina warware duk dabarun da na ƙulla a baya, ga jarrabawa ta zo, ga makin takardu. Kaka ta wuce, rani ya shiga. Na kai Tamale aka buga, aka yi masa shuɗin bango. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. A motar Salaga ina buɗewa ina shafawa. Baƙin duk sun fito da kayansu, lambobin tsuguno kuma ƙanana sumul kamar ƙwayar gero, yadda yake so.

Wannan karon ta ƙofar gaba na bi. Yana zaune a gindin mangwaro a kujerarsa ta katako, hantsi ya ɗaga. Na yi sallama, na tuɓe takalmi, na tsuguna a gabansa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya gane muryata tun kafin in ƙarasa, amma fuskarsa tana kallon ɗan gefena, inda babu kowa. Nan na gane ganin ya tafi.

Na ɗora masa littafin a cinya. Ya shafa bangon, ya auna kaurinsa da yatsu, ya kai hanci ya shaƙi ƙamshin sabuwar takarda. Ya ce wa Mma ta kawo gilashin. Ta shiga ta ɗauko, har yanzu a naɗe cikin hankicin nan, ta sa masa a hannu, ta koma bakin murhu ba ta dube ni ba. Ya buɗe shafi, ya ɗora gilashin, ya matso da fuska, ya janye, ya juya wajen rana. Ya daɗe yana yi. Ni ina tsugune ina kallon kaji. Daga baya ya naɗe gilashin ya ajiye a gefen kujera.

Ya ce, "Sun tsuguna?"

Na ce, "Sun tsuguna, Masta."

"Duka?"

"Duka."

"Tita fa?"

"Da ɗamararta."

Ya gyaɗa kai irin na aji. "Yauwa."

Ya dafa shafin da hannunsa. Can ya ce, "Jakar nan da na riƙe maka ranar da mota ta kafe. Rayuwata duka takarda na ɗauka, na san yadda take a hannu. Ba zane ba ne a ciki."

Na kasa ɗago kai, duk da na san ba ya ganina.

Ya ce, "Na so in ce ka buɗe. A asibiti ma na so. To mutum yana yi maka aiki don Allah, ga makaranta ga yara, ka ce masa buɗe jakarka in gani? Kunya ta hana ni." Ya ɗan yi murmushi. "Da ka ba ni. Ɗa ko a tsaye ya zo, ubansa yana gane shi."

Mma tana iza wuta, ba ta juyo ba ta ce, "Shi yana jin kunyarki, ke kina jin kunyarsa. Idon kuma ba ya jin kunyar kowa."

Masta ya lalubo hannuna ya sa min littafin. Ya ce, "Karanta min. Fara da ta rijiya."

Na buɗe, na fara karantawa. "Igiyar guga ta yi kusurwa tita ɗaya da bakin rijiya. Bari zurfin ruwa da damina ya zama x ɗaya, na rani kuma x biyu." Sai na ji abin da nake faɗa. A baki babu ɗamara, babu tsuguno. Tita sunanta kawai nake kira, x da ɗaya kuma a jere suke fita, kafaɗa da kafaɗa, daidai yadda manhajar ta rubuta su ranar farko, daidai yadda suke a takardun da na kai Bawku na dawo da su. Na tsaya.

Ya ce, "Ci gaba." Ya rufe idanun, leɓensa yana motsi, yana riga ni isa ga amsar.

Mma ta jawo kujerar roba ta ajiye a bayana, ta ce in hau kafin ƙafata ta sage. Masta ma ya ce, "Tashi ka zauna, littafin da tsawo." Ban iya tashi ba. Na gyara tsugunona, na juya shafi.